Sitikar Gida: A Fara da Zane Kafin a Sayi Inji

 Yau maganarmu a kan wata 'yar ƙaramar sana'a ce da ke ta yaɗuwa a hannun matasa maza da mata, wato zana sitika da buga ta da yanka ta a gida domin sayarwa. Sitika dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tana bayan A Daidaita Sahu a Kano, tana jikin tankin babur a Maraɗi da Damagaram, tana murfin kwamfutar ɗalibi da bayan wayarsa, tana kuma jikin kwalbar humra da robar yaji da ledar kilishin da mata ke sayarwa daga cikin gidajensu. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, aikin da a da sai mai babbar maɗaba'a ke iya yi, yanzu mai zane ɗaya da wayarsa da ƙaramar firinta yana iya yinsa a ɗakinsa. Matsayina a kan wannan sana'a a fili yake. Tana da amfani, tana kuma iya riƙe mai ita, amma da sharaɗin ya san inda jarinsa yake. Jarin yana cikin zanen da ya fito daga hannunsa, sannan yana cikin ingancin da zai sa sitikar ta jure rana da ruwa. Injin yanka kuwa, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalin masu shigowa, shi ya kamata ya zama abu na ƙarshe da za a fitar wa kuɗi.

Tarihin sana'ar kansa yana goyon bayan wannan magana. Takarda mai danƙo wadda ake ɓarewa a manna ba tare da an shafa mata ruwa ko gam ba, wani Ba'amurke mai suna Stanton Avery ne ya fara yin ta don kasuwa a birnin Los Angeles a 1935. Ba shi da masana'anta a lokacin. Rancen dala 100 ya karɓa daga matar da zai aura, ya harhaɗa na'urarsa da injin na'urar wanki da sassan keken ɗinki da wani zarto, ya fara fitar da 'yan ƙananan takardun farashi da masu shaguna ke mannawa a jikin kaya. Kamfanin da ya tsiro daga nan, Avery Dennison, yau yana cikin manyan masu yin takarda mai danƙo a duniya. Abin da mutumin nan ya riga kowa gani buƙata ce ta masu shaguna, kuma buƙatar ce ta jawo injin, injin farkon ma na tarkace. Matashin da yake ganin ba zai iya farawa ba sai ya tara kuɗin injin da ya gani a TikTok, ya juya tsarin ne ya sa ƙarshe a farko.

Tambayar da mai hankali zai fara yi ita ce, me zai sa mutum ya wahalar da kansa da bugu a gida, alhali ga masu ɗab'i nan birjik a Kano da Kaduna da unguwar Shomolu ta Legas, da manyan injina irin na Roland da Mimaki, masu buga sitika a kan nannaɗaɗɗiyar roba su kuma yanka ta? Tambayar tana da ƙarfi, ba zan rage mata komai ba. Tawadar waɗannan injina tana kama jikin robar ta zauna daram, masu ƙera su ma suna cewa bugun yana iya kai shekara uku a waje bai koɗe ba. Idan ɗan siyasa yana son sitika dubu goma iri ɗaya, babu yadda firintar gida za ta yi gogayya da su, ko a farashi ko a sauri, kuma duk wanda ya gaya wa matashi akasin haka ya cuce shi. Sai dai shi mai zane ba dubu goma iri ɗaya yake nema ba. Yana da zane ashirin ko talatin, kuma bai san wanne ne zai shiga ran jama'a ba. Mai maɗaba'a yana lissafin kuɗinsa ne da faɗin robar da ya buga, ba kuma zai kunna injinsa a kan 'yan ƙwayoyi biyar ba. Don haka wanda ya kai zane talatin aka buga masa da yawa-yawa, zai iya wayar gari kuɗinsa ya kwanta a cikin zane ashirin da babu mai tambayarsu. A gida kuwa yana iya buga shida-shida na kowanne, ya kai makaranta ko wurin baje kolin sana'o'i, ko ya ɗora hotunansu a Instagram da WhatsApp, ya ga wanda aka wawashe da wanda aka bari. Mai girki ma takan ɗanɗana miya a cokali kafin ta zuba wa baƙi. Amfanin bugun gida ke nan, gwaji da kuɗi kaɗan, da kuma iya karɓar ƙaramin aiki, irin na mai turaren wuta da ke son sitika arba'in kawai da sunanta da lambar wayarta, ko masu biki da ke son a manna sunan amarya a jikin kayan rabo. Ranar da zane ɗaya ya fara tafiya ɗari-ɗari, ranar ce ta kai shi maɗaba'a, kuma babu abin kunya a ciki.

To idan gwaji ne amfanin, abin da ake gwadawa shi ne zanen, kuma a nan ne da yawa ke yin sakaci. Sitika ƙaramar aba ce, galibi faɗinta tsakanin santimita biyar ne zuwa takwas. Siririn layin da yake fitowa tsaf a fuskar waya idan an faɗaɗa shi da yatsa, a kan takarda ɓacewa yake yi, ƙananan rubutu kuma su dunƙule su zama tabo. Ƙa'idar masu ɗab'i ita ce ɗigo 300 a kowane inci ɗaya, ke nan sitika mai faɗin inci uku tana buƙatar hoto mai ɗigo 900 a faɗinsa, in ya gaza haka gefensa zai fito da tsini-tsini. Wannan ne ya sa hoton da aka ɗauko daga fuskar waya, ko wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, yake fitowa dishi-dishi, domin manhajar tana matse shi ta rage masa nauyi. Sai an tura shi a matsayin fayil sannan yake isa yadda yake. Kayan aikin zanen kuwa ba su ne matsala ba. Shagunanmu sun saba da CorelDRAW, amma akwai Inkscape da Krita da ake saukewa kyauta a kwamfuta, akwai ibisPaint da PixelLab da Canva a waya. Wanda ma hannunsa ya fi faɗawa a alƙalami da takarda yana iya zanawa da baƙar tawada a farar takarda, ya ɗauki hoton da kyau a wuri mai haske, ya tsabtace shi a waya. Sau da yawa irin wannan zanen ya fi wanda aka harhaɗa daga shirye-shiryen manhaja rai, domin ana ganin hannun mutum a cikinsa.

Sai batun launi, wanda ke ba sabon shiga mamaki ranar farko. Fuskar waya tana haɗa launinta ne da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, ita kuwa firinta da tawada take haɗawa, mai ruwan sararin sama da mai ruwan hoda da rawaya da baƙa. Akwai launukan da haske ke iya bayarwa waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa gare su ba, musamman kore shar da shuɗi mai walƙiya, sai su fito a dushe. Maganin abin mai sauƙi ne. Mutum ya jera launukan da yake yawan amfani da su a shafi ɗaya, ya buga su a kan ainihin takardar da zai yi aiki da ita, ya manna shafin a bango, daga nan ya riƙa zaɓen launi da abin da ya gani a takardar. Ya kuma sani firintar gida ba ta da farar tawada, farin takarda ne farinta, don haka wanda ya buga a kan roba mai garai-garai zai tarar duk inda ya sa fari ya zama rami da ake hango abin da ke bayansa. Sannan ya bar wa zanensa farin gefe na milimita biyu ko uku. Wannan gefen yana fito da zanen, yana kuma rufa wa mai yanka asiri idan aska ta ɗan kauce.

Inda nake so mu fi daɗewa shi ne tawada da takarda, domin a nan ne amanar mai saye take. Tawadar firintar feshi iri biyu ce. Akwai mai narkewa a ruwa, wadda launinta ke da ƙayatarwa, kuma ita ce a yawancin ƙananan firintocin tanki da ake sayarwa a kasuwanninmu. Akwai kuma mai ƙwayoyin launi, wadda ke zama a saman takarda, ta fi jure ruwa, ta kuma fi jure hasken rana. Mai narkewar idan ruwa ya taɓa ta ba tare da kariya ba sai ta zube, idan kuma rana ta daɗe tana dukanta sai ta koɗe. Mu tuna inda muke zaune. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Yamai yana haura digiri 40, tankin babur da aka ajiye a rana kuwa hannu ma ba ya iya taɓa shi. Bidiyon da matasanmu ke koyon sana'ar da su yawanci an ɗauke su ne a ƙasashen da sitika ke ƙarewa a jikin littafi a cikin ɗaki mai sanyi. Tamu kuwa a jikin gorar ruwa za ta zauna, a wanke ta da soso safe da yamma, ko a jikin kwalbar man gashi da maiƙo ke bi ta kanta. Farar takarda mai danƙo irin ta ofis ta isa a manna a ambulan ko kwalin da za a buɗe a yar, amma sayar da ita a matsayin sitikar waya ko ta babur zalunci ne, domin mako biyu ba za ta yi ba za ta jiƙe ta yage ta bar dauɗar danƙo. Wadda za ta sha wahala sai an buga ta a kan takardar roba da aka yi musamman domin firintar feshi, a bar tawadar ta bushe sosai, sannan a rufe ta da ledar kariya mai danƙo wadda ba ta buƙatar zafi. Ana ɗora ledar ne daga gefe ɗaya, ana bin ta da tsohon katin banki a hankali ana korar iska, domin ƙwayar ƙura ɗaya ko kumfa ɗaya da ya maƙale ya ɓata sitikar da ke ƙarƙashinsa. A lokacin hunturu ma sai an rufe taga an goge teburi da ɗanyen tsumma kafin a fara.

Wani zai ce ai firintar lesa ta fi, tunda garin tawadarta ba ya zubewa a ruwa. Gaskiya ne ba ya zubewa, amma da zafi take manna shi, kuma zafin yana iya narkar da takardar robar da ba a yi dominta ba har ta lalata cikin injin. Ga ta kuma da jan wuta, lokacin da take ɗumama tana cin ɗaruruwan wat, alhali ƙaramar firintar feshi ba ta fi ƙwan lantarki ci ba, ƙaramar sola ma tana ɗaukarta. Ita kuma ta feshin nata aibin shi ne idan ta daɗe a ajiye tawada takan bushe a bakinta ya toshe, sai layuka su riƙa fitowa a jikin bugu, don haka ko babu aiki a riƙa buga shafi ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, a kuma lulluɓe ta saboda ƙura. Amma duk wannan bayani ba zai maye gurbin gwaji ba. Kafin mutum ya karɓi ko sisin wani, ya buga sitika uku iri ɗaya. Ya manna ɗaya a inda rana ke duka tun safe har yamma, ya manna ɗaya a kofin da ake wankewa kullum, ya ɓoye ta ukun a cikin littafi. Bayan wata guda ya jera su ya duba. Abin da ya gani shi zai gaya wa mai saye, idan ta cikin ɗaki ce ya ce ta cikin ɗaki ce. Mai sayen da aka gaya wa gaskiya yana dawowa, wanda sitika ta koɗe masa a mako uku kuwa ba ya dawowa, kuma sai ya gaya wa abokansa.

Yanzu mu zo kan injin yanka. Waɗanda suka fi suna su ne Cricut da Silhouette, dukkansu na kamfanonin Amurka. Yadda suke aiki abin sha'awa ne. Manhajar tana buga baƙaƙen alamomi a kusurwoyin takarda tare da zanen, sai a manna takardar a kan faranti mai danƙo a tura cikin injin, wani ɗan ido ya karanta alamomin ya gane inda kowane zane yake, sannan 'yar ƙaramar aska ta bi gefensa. Ana iya saita ta ta ratsa har takardar baya kowace sitika ta fita ita kaɗai, ana kuma iya saita ta ta yanka saman kawai ta bar bayan, a samu shafi guda mai sitika da yawa da ake ɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Babu mai musun kyan wannan aiki. Amma akwai abubuwan da mai tallar injin ba ya faɗa. Alamomin suna cinye gefen takarda, ta yadda takardar A4 mai santimita 21 da 29.7 ba duka ake amfana da ita ba, sitika mai faɗin santimita biyar da wuya a samu fiye da goma sha biyu zuwa sha biyar a shafi. Ledar kariya mai sheƙi tana rikita idon injin ya kasa karanta alamomin. Aska tana dakushewa, faranti yana rasa danƙonsa, kuma duka daga waje ake kawo su da kuɗin dala. Idan kuma aka ɗauke wuta yana tsakiyar yanka, wannan shafin da aka riga aka kashe masa tawada da leda galibi ya tafi ke nan.

Akwai kuma wani darasi da ya fi waɗannan nauyi. A watan Maris na 2021 kamfanin Cricut ya sanar da cewa duk wanda ba ya biyan kuɗin wata-wata, zane ashirin kacal zai riƙa ɗorawa a manhajarsa a kowane wata, in yana son fiye da haka sai ya biya kusan dala goma duk wata. Mutanen da suka sayi injin da kuɗinsu, da yawansu mata masu ƙananan sana'o'i a gida, suka wayi gari ana shirin ƙayyade musu yawan zanen kansu da za su yanka da abin da suka mallaka. Suka yi ca a kan kamfanin, cikin 'yan kwanaki ya janye. Janyewar abin farin ciki ce, amma abin da ya faru ya nuna inda linzamin yake. Injin ba ya motsi sai da manhajar kamfanin, ɗora sabon zane kuma sai da intanet. Manhajar Silhouette ta fi sauƙi ta wannan fuska domin tana aiki ba tare da intanet ba, wanda kuma ya kai ga saye ya kamata ya sa wannan a lissafinsa. Amma wanda duk jarinsa ya tafi a inji, makomar sana'arsa tana hannun shawarar da wasu za su yanke a wata ƙasa. Zanen da yake cikin kansa da fayilolinsa kuwa yana iya kai su ga kowane inji, ko ga almakashi.

Na san za a ce yankan hannu ba ya kyau, kuma yana cin lokaci. Rabin maganar gaskiya ce. Zane mai lanƙwashe-lanƙwashe da yawa, idan guda ɗari ne, hannu zai gaji, shafin da ake ɓarewa ɗaya-ɗaya kuma aikin inji ne. Amma mai kusurwa huɗu, da rula ta ƙarfe da sabuwar reza, ko da wuƙar yanka takarda ta teburi irin ta shagunan hoto, yana fitowa daidai da na kowace maɗaba'a. Mai da'ira akwai abin huda da ake matsawa ya fitar da ita lokaci ɗaya. Farin gefen nan da muka ambata kuma yana ba almakashi mai kaifi damar bin zane ba tare da an ga kuskure ba. Mai zane yana iya tsara zanensa tun farko ya dace da irin yankan da yake iyawa. Ranar da oda ta yi yawan da dare ke raba shi da almakashi, to sana'ar ce da kanta ta nemi injin, kuma ita za ta biya kuɗinsa. Kafin wannan ranar, sayensa bashi ne da aka ɗora wa sana'ar da ba ta tsaya da ƙafarta ba. Abokai uku ko huɗu ma suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan matsayina ita ce ta kasuwa. Za a ce jama'a ba sabon zane suke nema ba, Messi suke so da Ronaldo da tambarin Barcelona da Arsenal da fuskokin taurarin Kannywood, mai neman abinci kuma abin da ake saye yake sayarwa. Akwai amsa ta doka. Hoton ɗan wasa yana da wanda ya ɗauke shi, tambarin kulob alamar kasuwanci ce mai rajista, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana kwafar aikin wani don sayarwa ba da izininsa ba. Kamfanin Panini na garin Modena a Italiya, wanda ya fara da hotunan 'yan ƙwallo a 1961 ya kuma fitar da kundin gasar cin kofin duniya tun daga ta 1970, biya yake yi ya karɓi izini kafin ya buga fuskar kowa. To amma mu faɗi gaskiya, da wuya wani lauya ya taso daga Sifaniya ya zo neman yaron da ya buga sitika ashirin, kuma matasan sun san da haka. Saboda haka amsar da ta fi shiga ita ce ta lissafi. Hoton da ka sauke daga intanet, maƙwabcinka ma zai sauke shi, mai babban inji ma zai sauke shi. Idan kaya iri ɗaya ne a hannun kowa, farashi kaɗai ya rage a yi gasa da shi, kuma mun riga mun ga wanda ke cin gasar farashi. Mai firintar gida da ya shiga wannan fage ya shiga ne da ƙafar da ba za ta kai shi ba. Abu ɗaya da yake da shi wanda mai babban inji ba shi da shi, shi ne zanen da babu shi a wurin kowa.

Kuma ba mu rasa inda za mu ɗebo ba. Ga dagi, ga aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, ga zanen bangon gidajen Zariya da na unguwar Birni a Damagaram, ga zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, ga ƙirar hula da zanen lalle da sassaƙar ƙwarya da adon dukawa a jikin fata. Ga ƙofofin Kano da marinar Ƙofar Mata da dawakin hawan salla. Ga karin magana da kirari da za a iya rubutawa da kyakkyawan boko ko ajami. Dokar da muka ambata tana kare kayan gargajiya, amma ta bar wa mai fasaha ƙofar ya aro daga cikinsu ya gina sabon aiki nasa, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake nema, a ɗauki tsohon tsari a sake masa fasali da hannun mutumin yau. Irin wannan zane yana kuma samun karɓuwa a wurin masu sayen da ba sa son hoton abu mai rai. A nan zan tsaya in ja hankali a kan abu ɗaya. Sitika aba ce mai ɓarewa ta faɗi ƙasa, ana manna ta a wayar da ake shiga bayi da ita, ragowar da ta lalace wajen bugu kuma shara take tafiya. Mai sana'ar da zai buga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ya yi tunanin inda takardar za ta ƙare, ya kuma san yadda zai yi da waɗanda suka lalace a hannunsa. A ganina barin ayoyi daga sitikar waya da ta kwalba ya fi zama alheri, ko da ana nemansu.

Saura ƙorafi ɗaya, kuma mai ciwo ne. Mai zane zai ce, idan na ɓata kwana uku ina zane, gobe wani zai ɗauki hotonsa ya buga ya karya farashi. Hakan yana faruwa, ba zan ce ba ya faruwa ba. Doka ta ba mai zane haƙƙinsa tun daga lokacin da ya sa aikin a takarda ko a fayil, ba sai ya yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da tsarin da mutum zai iya shigar da aikinsa domin ya zama shaida. Ya adana zanen farko da fayilolinsa, ya sa ɗan ƙaramin sunansa a gefen sitikar, ya riƙa ɗora hoton sitikar tana manne a jikin abu maimakon ainihin fayil ɗin. Waɗannan ba za su hana ɓarawo gaba ɗaya ba. Amma mai kwafa sai an zana yake samun abin kwafa, kafin ya gama sayar da na bara mai zanen ya fitar da na bana, masu saye kuma a hankali suna gane hannun wane ne. Wanda kuwa shi ma da hoton wasu ya gina kasuwarsa, ranar da aka ɗauki nasa ba shi da bakin magana.

Wajen sa farashi, kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafa takarda da tawada kawai. Idan an buga shafi goma, biyu suka lalace, kuɗin goman ne za a raba wa takwas ɗin da suka rage. A sa kuɗin ledar kariya da aska da ledar da za a zuba kayan da data da kuɗin mota, a sa tawadar da firinta ke sha wajen wanke bakinta, sannan a sa lokacin da aka ɗauka ana zanen, domin shi ne aka fi mantawa da shi alhali shi ne ainihin abin da ake sayarwa. Haɗa huɗu ko biyar masu tsari ɗaya a sayar a ƙunshi ya fi sayar da ɗai-ɗai tsira da riba.

Kirana ga iyaye da yayye shi ne, idan ɗanku ko 'yarku ta zo tana neman kuɗin injin yanka, ku ce ta kawo zanenta ku gani, ku saya mata takardar roba da ledar kariya da almakashi mai kyau, ku ba ta wata uku ta gwada kasuwa, injin ya jira. Malaman zane a makarantunmu su sa wannan aiki a cikin abin da suke koyarwa, tun daga alƙalami har zuwa gwajin rana da ruwa. Ku kuma masu saye, musamman 'yan'uwa mata masu sana'ar gida da ke neman sitikar kayanku, ku riƙa tambaya wa ya zana, ku tambaya ko an gwada ta a ruwa, idan kuma kun sami yaron da ya zauna ya zana muku naku na kanku, ku biya shi kuɗin zanensa daban da na bugu, kada ku ɗauki fayil ɗinsa ku kai wa wani ba da saninsa ba.